Ranar da Na Doki Surukina

Kun taso kuna jin ana cewa uwarku ta taɓa dukan kakanku Alhaji a gaban baƙi. Na san kun ji, don akwai ranar da Nura ya dawo daga Islamiyya da leɓe a fashe, wani yaro ya goranta masa sun kaure da faɗa, na tambaye shi dalili ya yi gum, sai a bakin maƙwabta na ji. To, gaskiya ne. Na doke shi, da wannan hannun nawa na dama, kuma ban sassauta ba. Sai dai masu ba da labarin daga tsakiya suke farawa, a tsakiya kuma suke tsayawa. Shi ya sa na ce tun idona yana ganin layi, bari in zauna in rubuta muku shi daga tushe.

Ni 'yar Nguru ce, a bayan tashar jirgi aka haife ni. Aure ne ya kawo ni Gashuwa, gidan Alhaji, wanda iyayensa suka zo daga Haɗeja suka kama sana'ar bandar kifi. Lokacin da na zo ya riga ya zama babba a kasuwar kifi, kwalayensa har Kurmi ake kai su. Mutum ne dogo, kakkaura, in ya yi gyaran murya a zaure har kajin gidan sai sun natsu. Bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa kiran sunana ba. In zancena ya kama, sai ya ce "'yar Nguru". Ku 'ya'yan yanzu da surukanku ke kiran ku a waya ku yi ta ƙyaƙyata dariya, da wuya ku gane wannan. Mu a lokacinmu in yana zaure ba na bi ta nan, sai in zagaya ta ƙofar baya. In muka yi kiciɓis a tsakar gida, durƙusawa nake yi in juya fuska ga bango har ya wuce. Gaisuwa ma daga bakin ƙofar Iya, kakarku, nake miƙa ta, ita ta amsa a madadinsa.

Hirarmu ɗaya ce ni da shi, ita ce ta kwano. Kullum da rana nakan zuba masa tuwo a kwanonsa na silba mai murfi a kai masa zaure. In miyar ta yi masa, kwanon zai dawo a suɗe tas, da goro ɗaya a ciki. In gishiri ya yi yawa, ya dawo babu goro. Shekaru muka yi a haka, kuma wallahi na fi fahimtar Alhaji ta wannan kwanon fiye da yadda nake fahimtar wasu da muke kwana muna tashi muna surutu.

A ƙarshen daminar wata shekara, dab da sojoji za su sauka daga mulki, na je Nguru duba mahaifiyata, Nura yana goye a bayana. Da zan dawo na shiga fijo. Wanda bai bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa a wancan zamanin ba bai san wahala ba, rami ne ke miƙa ka ga rami. Mun wuce Jajimaji kaɗan sai muka tarar da a-kori-kura ta 'yan kasuwa ta kife a gefen titi, buhunan gero sun fashe, mutane a warwatse cikin ciyawa. Direbanmu ya tsaya, kowa ya fita a guje. Mutanenmu ba su da rowar taimako, wannan kam ba za a ƙwace musu ba. Nan da nan wasu suka kama wani saurayi da ya suma, biyu a hannu biyu a ƙafa, kansa yana lilo. Wani ya kawo buta yana neman ɗura masa ruwa a baki. Can gefe wata mata cinyarta na zubar da jini, wani bawan Allah ya ɗebo ƙasa zai cusa mata a ciwon don jinin ya tsaya. Ni ma da na san inda zan sa hannu, abin da zan yi ke nan, don haka muka taso muka ga ana yi.

Akwai wata tsohuwa Babarbariya a motarmu da tun daga Nguru take gyangyaɗi. Ita ce ta daka tsawar da ta tsayar da kowa.

"Ku ajiye shi! A hankali, a hankali! Kai mai buta, kashe shi za ka yi? Wanda ya suma yana haɗiyar ruwa ne?"

Sunanta Ya Falmata, nas ce da ta yi ritaya. Hausarta irin ta Barebarin da, mace ma "kai" take ce mata. Ta waiwayo ta gan ni a tsaye baki buɗe.

"Kai yarinya, zo nan. Durƙusa a saitin kansa. Riƙe kan da hannu biyu, kada ya motsa ko kaɗan."

Na ce, "Ya, namiji ne fa."

Ta ce, "Ni rai na gani. Riƙe!"

Na durƙusa na riƙe kan ɗan mutane tsakanin tafukana, Nura yana tsala kuka a bayana. Ta zare mayafina ba tare da ta tambaye ni ba, ta ninke shi, ta danna a cinyar matar nan, ta sa wani ya danne da duk ƙarfinsa, ta ce ko hannunsa zai tsinke kada ya ɗaga don ya leƙa. Sai da aka ɓalle katakon bayan a-kori-kurar aka kawo, sannan ta tara maza suka mirgina saurayin a kai gaba ɗaya, kai da gangar jiki tare, ni ina riƙe da kan har cikin mota. Daga baya na ji cewa ƙashin wuyansa ya tsage, kuma ya tashi da ƙafafunsa. Kafin mu rabu a tasha, Ya Falmata ta kama hannuna ta jujjuya shi, ta ce hannun yana rawa amma bai saki ba, irinsa take nema. Ta ce duk Asabar tana koyar da taimakon gaggawa a rumfar gidanta a Nguru, direbobi da 'yan dako da safe, mata bayan azahar, kyauta, in zo.

Na shiga gida babu mayafi, zanena duk jini. Iya ta yi ta salati har sai da ta tabbatar ba nawa ba ne. Da na natsu na gaya wa babanku abin da nake so. Ya yi dariya tukuna, kun san shi, ya ce wato likita zan zama da ilimina na firamare. Da ya ga ba wasa nake yi ba sai ya ce shi bai ƙi ba, amma sai an ji ta bakin Baba. Ina madafi na jiyo amsar, don muryar Alhaji katanga ba ta tare ta.

"Matar aure ta riƙa bin hanya tana tattaɓa jikin ƙattai? Daga gidana? Asibiti babu ma'aikata ne?"

Babanku ya ce, "Baba, kafin a kai mutum asibiti ake magana."

"Kai ne mijinta. Ni ban hana ba. Amma kada wani ya ce da bakina aka je."

Duk ɗan da aka haifa a gidan nan ya san wannan maganar hani ce. Babanku ma ya sani. Ya yi kwanaki yana juya abin, sannan wata Asabar ya ce in shirya, ya raka ni tasha da kansa, ya sa ni a mota. Ban taɓa manta masa wannan ba, kuma duk faɗan da muka yi a bayan nan, in na tuna da safiyar nan sai in sauko. Washegari na zuba tuwo da miyar kuka da ta ji man shanu, na aika zaure. Kwanon ya dawo da nauyinsa. Na buɗe, ko malmala ɗaya ba a taɓa ba.

Haka ya yi ta dawowa, yau da gobe, har aka girbe gero aka kai rumbu, har kogi ya ja baya. Alhaji bai ce da ni uffan ba, dama can ba ya cewa, amma abincin matan ƙannen babanku yake ci, nawa ya dawo a rufe. Abin ya ci ni ƙwarai. Na sha zama a madafi in yi kuka in ce hayaƙi ne. Iya ta ce da ni, "Ke 'yar nan, ki haƙura da Ngurun nan mana. Gidanki ya fi miki." Wani lokacin in yi niyyar bari, sai in tuna kan saurayin nan yana lilo a hannun mutanen da ke son ransa. Ni dai ban fasa zuwa ba, ban kuma fasa aika kwano ba. In ya dawo in ba yara, gobe in sake zubawa. Taurin kai kam kun san inda kuka gado shi.

Rumfar Ya Falmata ba ta da allo ba ta da benci. Tabarmi ne, da wani buhu da ta cusa wa ƙaiƙayi ta ɗinka masa hannaye, muka sa masa suna Malam Buhu. Ranar farko ta nuna mana inda muka tuɓe takalma, ta ce mu ajiye kunyarmu a nan tare da su, in mun tashi tafiya kowa ta ɗauki abarta. Ta koya mana mu fara duba ko mu kanmu muna cikin haɗari kafin mu taɓa kowa. Mu kira mutum mu ji ko zai amsa, mu duba ƙirjinsa ko yana numfashi. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa, kada a ba shi ko ɗigon ruwa. Jini danne shi ake yi da tsumma mai tsabta, ba a zuba masa ƙasa ko toka ko garin taba. Ƙuna ruwan sanyi take so, a yi ta kwarara mata, ba manja ba, ba ɗanyen ƙwai ba. In ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan sai mu sunkuyar da kai muna dariya, don babu wadda ba ta taɓa yi wa ɗanta ba. Kuma kullum tana nanata mana cewa mu ba likitoci ba ne, aikinmu mu riƙe mutum da rai har ya kai hannun likita.

Darasin da ya fi ba mu dariya shi ne na wanda abu ya maƙale wa a wuya. Ta ce in yana tari a ƙyale shi ya yi ta yi, tarin shi ne maganinsa. Amma in ya yi shiru, babu tari babu magana, ya kama wuyansa, to hanyar iska ta toshe, ruwa ba zai wuce ba balle ya taimaka. A sunkuyar da shi gaba, a doki tsakanin allunan kafaɗarsa da gindin tafin hannu, duka na gaske. In bai fito ba a zagaya bayansa, a rungume shi, a dunƙule hannu a saman cibiya, a fizgo ciki da sama. Muka yi ta gwadawa a junanmu muna ihu. Wata ta ce ita kam ko mijinta ba za ta iya yi wa haka a gaban mutane ba. Ya Falmata ta ce, "To ka tanadi likkafani." Na so in koya wa babanku wannan a gida, ya ce shi da yake da ni me zai yi da shi. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, ya ce to, gobe. Goben nan ba ta zo ba har Babbar Sallah ta zo.

Washegarin Sallah ne, ranar suya, zafin bazara kamar ya dafa mutum. Ina tsakar gida a gaban kasko, daga ni sai zane da riga da ɗankwali, ina tsame nama. Zaure cike yake da baƙi 'yan barka da Sallah, har da aminin Alhaji, Goni Bukar, limamin unguwarmu, wanda in ya fara ba da labari sai mutum ya riƙe ciki. An kai musu soyayyen nama, ina jiyo dariyarsu, ta Alhaji ta fi ta kowa. Sai dariyar ta yanke. Na ji ana "Sannu Alhaji, sannu," sannan wani ya ƙwala kira, "Ruwa! A kawo ruwa!" Babanku ya faɗo cikin gida a guje ya nufi randa, fuskarsa ta canja.

Na ce, "Yana tari?"

Ya ce, "Ba ya tari."

"Yana magana?"

"Ya riƙe wuya kawai, idonsa ya firfito."

Na yar da matsamin. Iya ta sha gabana, ta ce, "Ke! Ina za ki? Maza ne fa a wurin!" Ban san abin da na ce mata ba, ita dai daga baya ta ce ture ta na yi, Allah Ya yafe mini. Na shiga zauren da tunda aka kawo ni gidan ban taɓa takawa ba in yana ciki. Na same shi a zaune, bakinsa a buɗe babu sauti, leɓunansa sun fara yin baƙi. Wani na yi masa fifita, wani na tofa masa addu'a, babanku ya biyo ni da moɗa yana neman kai masa baki.

Na ce, "Ajiye ruwan nan! Sunkuyar da shi, ka doki tsakiyar bayansa. Da ƙarfi!"

Babanku ya ajiye moɗar, ya ɗaga hannu, ya sauke shi a bayan mahaifinsa a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya sake, haka dai. Ban ga laifinsa ba. Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga wa mutumin nan murya ba, ta ina zai iya ɗaga masa hannu? Na dubi sauran, dattawa da 'yan kasuwa da yaran shagonsa, na gane duk zauren nan babu mai iya dukan Alhaji. Girmansa ne zai kashe shi suna kallo.

Na ce bismillah, na dafa ƙirjinsa da hagu na sunkuyar da shi, na ɗaga dama na sauke a tsakanin kafaɗunsa. Ƙarar ta cika zauren. Wani ya ce, "Subhanallahi!" Na sake, na sake, har hularsa ta faɗi. Bai fito ba. Na ce da babanku da wani su ɗaga shi tsaye, na zagaya bayansa, na zura hannuwana cikin babbar rigarsa ta Sallah na kewaye cikinsa, da ƙyar suka haɗu. Na lalubo cibiya, na dunƙule hannu a samanta, na fizgo. Shiru. Na ji jikinsa ya fara saki, nauyinsa yana sauka a kaina. Na tattara duk ƙarfin da daka da jan ruwa suka ba ni na sake fizgowa. Sai ga wata guntuwar jijiya ta yi tsalle ta faɗa a kan tabarma, dab da gwiwar Goni Bukar. Alhaji ya ja wani numfashi mai ƙara, ya sake ja, sannan ya ɓarke da tari. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar tarin nan ba.

Sai a lokacin na tuna ko ni wace ce, na ga inda hannuwana suke. Kunyar da na ajiye ta dawo mini gaba ɗaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sake shi na ruga ciki, na faɗa ɗaki na rufe ƙofa. Ta bayan ƙyaure na ce da babanku lallai a kai shi asibiti a duba cikinsa, haka aka koya mana. Aka kai shi, suka ce babu abin da ya fashe, tsamin jiki ne kawai. Naman da na bari a kasko kuwa ya ƙone ƙurmus.

Kafin magariba labari ya gama Gashuwa, kuma a hanya ya zubar da rabinsa. Babu mai cewa Alhaji ya shaƙe, sai dai 'yar Nguru ta doki surukinta ta rungume shi a gaban liman. Har Nguru ya kai, mahaifiyata ta aiko cewa na zubar mata da mutunci, ta daɗe ba ta sake mini fuska ba. A gidan biki in na shiga sai a yi shiru, in na ba da baya a kwashe da dariya. Akwai ƙawata da muka yi shekaru tare, daga ranar ta daina shigowa gidanmu, har ta rasu ba mu koma kamar da ba. Goni Bukar ne ya tsaya mini. A wajen karatun da yake yi bayan la'asar ya ce uban miji muharrami ne, addini bai hana ba, al'ada ce ta sa kunya, kuma kunya abu ne mai kyau amma ba a binne mutum saboda ita. Ya ce shi da idonsa ya ga mutuwa ta shigo zauren nan ta fita. Wannan ya rage surutu, bai kashe shi ba, ga shi har ku ya iso.

Duk wannan bai dame ni kamar shirun Alhaji ba. Na tozarta shi a gaban mutanensa, hularsa a ƙasa, kuma da abin da ya ce ba da bakinsa ba. Na daina aika kwano, na ce wanda bai ci tuwona ina mutuniyar kirki ba, yanzu ko kallonsa ba zai yi ba. Ina zaune ina jiran a ce in tattara kayana. Sai Iya ta leƙo madafi, ta tsaya tana kallon wani wuri daban.

Ta ce, "Maƙogwaronsa bai son abu mai tauri. Ki dama kunun gyaɗa."

Na dama, na zuba a kwanon silba na aika. Na zauna ina kallon ƙofar zaure. Da kwanon ya dawo, tun daga yadda yarinyar ke kaɗa shi a hannu na san babu nauyi. Na buɗe, an shanye tas, ga goro fari a ciki. Na rungume kwanon na yi kuka, wannan karon ban ce hayaƙi ba ne. Daga baya Iya ta tsegunta mini cewa ya ce da Goni, 'yar Nguru hannunta taɓarya ce, gara mutum ya tauna namansa da kyau.

Bai ce na kyauta ba, bai ce in ci gaba ba. Amma da matan unguwa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, waɗansunsu ma cikin masu yi mini dariya, suna cewa in nuna musu abin nan, babu wanda ya hana. Muka mai da shi duk Alhamis da la'asar a tsakar gida, na ɗinka nawa Malam Buhun. Ya Falmata ta zo sau ɗaya ta duba mu, ta gyara mini kurakurai a gaban ɗalibaina ba tare da ta saya mini ba. A cikin kwanakin nan ne Alhaji ya ɗauke tabarmarsa daga ƙofar gida ya mai da ita gindin darbejiyar da ke jikin katangarmu. Ya ce wai inuwar can ta fi sanyi. Mun lura Alhamis ce kawai inuwar ke fin sanyi, amma babu wanda ya tanka.

Bayan an sake girbe gero, lokacin da aduwa ke zuba, Nura ya fara gudu, kullum yana manne da kakansa a waje. Wata rana da hantsi ina wanki sai na ji muryar Alhaji ta tsaga unguwa.

"Ajiye ruwan nan!"

Na fita da kumfa a hannu, ta zaure, ban ko tuna da ƙofar baya ba. Na tarar da wani maƙwabcinmu a tsaye da kofi a hannu, ya daskare. Alhaji yana zaune a tabarma, ya kifa Nura a kan cinyarsa, kan yaron ya yi ƙasa, ya tallafe haɓarsa da hagu, yana sauke gindin tafinsa a tsakanin 'yan kafaɗun nan, daidai inda nake nuna wa mata. Kafin in ƙaraso ƙwallon aduwa ya faɗo, Nura ya callara kuka. Na durƙusa a bakin zaure. Alhaji ya ɗago yaron ya manna shi a ƙirji. Ya daɗe a haka. Sannan, bai dube ni ba, ya yi magana.

"Malama."

Na waiwaya in ga da wa yake. Babu kowa a bayana.

"Haka ake yi?"

Tunda aka kawo ni gidan nan, wannan ce magana ta farko da ya yi da ni baki da baki. Na sunkuyar da kai.

Na ce, "Haka ake yi, Baba."

Ya ce, "To, madalla. A kai shi a duba shi."

Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya jiƙan Iya da Ya Falmata, Ya kai haske kabarinsu. Har ya bar duniya ban daina zagayawa ta ƙofar baya ba, bai kuma taɓa kiran sunana na yanka ba, Malama dai. Ku kuma da kuke ganin na dame ku da in koya muku wannan abu duk sanda kuka zo hutu, yanzu kun san dalili, kuma ba zan fasa ba. Kai kuma Nura, in wani ya sake ce maka uwarka ta doki kakanka, kada ka fasa leɓenka a banza. Ka ce masa gaskiya ne, kuma kakanka ya rama a gadon bayanka.